Babi na Shida: Murya a Cikin Mota a Hanyar Damargu

Motar da ta taso daga Damagaram ta miƙi arewa a kan hanya mai lamba 11, wadda ta ratsa Tanut da Aderbisinat har Agadas, ba ta daɗewa sai ta shiga ƙasar Ollelewa. Nan matatar man SORAZ take, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011, mai tace ganga 20,000 a rana. Nan kuma Bakin Birji take da kasuwarta ta hatsi da dabbobi. Saboda waɗannan biyun, ƙaramar hukumar da galibin mutanenta manoman gero ne da makiyaya ta zama wurin da mota ba ta yankewa: tankokin mai, Hiace maƙare da fasinja, Hilux da Land Cruiser masu yankar daji zuwa Belbeji, manyan motoci da buhuna har sama. Kowace akwai abin da ke magana a cikinta. Wata karatun Alƙur'ani, wata tafsirin Shehu Ja'afar, wata labaran Muryar Sahel, wata Shata ko Ma'azu Ɗan Alalo, wata jitar mutanen Agadas. Direban da zai wuni a bayan sitiyari, abokin hirarsa ke nan, shi ke kore masa gyangyaɗi. Amma in ka kasa kunne da kyau, a mafi yawan motocin nan abin da ke fita kakari ne da shaƙewa. Malam na magana, rabin kalmominsa ba sa isowa kujera ta uku.

Tushen matsalar ya girmi mai motar na yanzu. Galibin motocin da muke hawa sun gama rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin a loda su a jirgin ruwa, su sauka Kwatano ko Lome, su biyo hanya su iso mu. Mota mai shekara 15 ko 20 a duniya an sake mata taya, an sake batir, wataƙila har inji an sauke, amma sifikar da aka ɗaura mata ranar da ta fito daga masana'anta tana nan a ƙofa, ba wanda ya taɓa leƙa ta. Ita kuwa tun asali da tsimi aka yi ta. Kamfanin da ke ƙera motoci dubu ɗaruruwa a shekara, ɗan abin da ya rage a kan sifika ɗaya riba ce babba, don haka takarda mai arha ake sawa, da soso a gefe. An kuma auna ta da mai motar da ke tafiya a kwalta mai santsi, gilashi a rufe, sanyi na busa shi. Mu kuwa gilashi a buɗe, iska na kaɗawa, injin dizal na ruri, kaya na gwaruwa a baya, fasinja 19 na hira cikin Hausa da Barbarci da Buzanci da Fillanci.

Ya kamata mai mota ya san abin da ke cikin sifika, don ba wani abin ɓoye ba ne, kuma tsarinta bai sauya ba tun 1925 da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana shi. Akwai mayen ƙarfe a baya, da wani siririn rami zagayayye a tsakiyarsa. Cikin ramin akwai naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, wato koyil, an manna shi a gindin wata takarda mai siffar mazurari. Bakin takardar an haɗa shi da kwandon sifika da zoben soso ko na roba mai laushi. Wuta ta shiga koyil, mayen ƙarfe ya tura shi gaba ya jawo shi baya, takarda ta bi shi, iska ta girgiza, kunne ya ji murya. Ramin da koyil ke kai da komo a ciki matsattse ne ƙwarai, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta tokare shi, kuma lafiyar sifika duka a nan take.

To ɗora wannan a kan yanayin Damargu. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa. Motar da aka bari a rana, cikinta na kai 60 ko fiye, saman dashbod kuwa ba ya taɓuwa. Soson gefe shi ke fara mutuwa, ya bushe, ya yi gari, ya zube. Gam ɗin da ya riƙe koyil ya saki. Hunturu ya zo da ƙurar da ba inda ba ta shiga, kuma a cikinta akwai ɗan garin ƙarfe da maye ke zuƙa ya riƙe, ba ya sakewa. Damina gajera ce, amma ruwan da ya bi gilashi ya gangara cikin ƙofa ya isa ya jiƙa takarda, ta bushe ta tanƙware. Abin da ya saura, gargada ta ƙarasa shi.

Je rumfar mai gyaran wutar mota, a Damagaram ko a Tanut, ka tsaya lokacin da zai ɓalle marfin ƙofar wata tsohuwar Corolla. Ƙura ce za ta fara zubowa. Ledar da kamfani ya manna don tare ruwa tuni wani mai gyaran gilashi ya yage ta bai mayar ba. Sai ga sifikar, an kafe ta da ribit uku, zoben gefenta saura guntu-guntu, ana hango ƙarfen ƙofa ta cikinsa. Zai ɗora yatsu uku a kewayen tsakiyar takardar ya danna a hankali. Mai lafiya tana shiga ta dawo shiru. Wannan kuwa sai ka ji ƙir-ƙir, koyil na gugar bangon raminsa. Ya ɗago kai ya ce, "Maigida, wannan ta gama aikinta, ko wane irin rediyo ka sayo ba za ta yi magana ba." Mai mota ya ce, "To Malam, a samo mini mai ƙarfi, irin mai wat dubun nan." Daga wannan jumlar asarar kuɗi ke farawa.

Rediyon mota da batir mai bolt 12 yake aiki, in inji na tafiya wutar ta ɗan haura 14. Da wannan wutar, a kan sifika mai om 4 wadda ita ce ta mota, iyakar abin da rediyo ke iya bai wa kowace sifika a tsaye, ba tare da murya ta fashe ba, wat 15 zuwa 20 ne. Rubutun 4x50W da ke goshin rediyo ƙarfin ƙiftawar ido ne, a lokacin da murya ta riga ta ɓaci. Haka wat 600 ko 1,000 da aka zana da manyan baƙaƙe a kwalin sifika. Sifika ba ta haifar da wuta, karɓa take yi, lambar nan kuwa abin da za ta iya jurewa ne na ɗan lokaci kaɗan, in ma gaskiya aka rubuta. Lambar da ke da amfani ita ce wadda haruffan RMS ke biye da ita, galibi da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali, kuma sau da yawa za ka tarar mai 300 a gaba 30 ce ko 40 a baya. Wannan ma ya ishi rediyonka har da saura.

Akwai wata lambar da ba mai tambayarta a kasuwa, alhali ita ce ke faɗa maka ko za ka ji murya a kan hanya: desibel nawa sifika ke fitarwa in an ba ta wat 1, aka auna daga nisan mita 1. Za ka ga an rubuta 88 dB, ko 90, ko 92. Bambancin 3 kacal daidai yake da ninka ƙarfin rediyo biyu. Mai 91 da wat 10 tana yin abin da mai 88 sai da wat 20 za ta yi. Manyan sifikun nan masu nauyi da aka ƙera domin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin murya, sau da yawa tasu lambar ƙasa take. Shi ya sa mutum zai cire ta kamfani ya sa mai tsada, ya ji murya ta ragu, ya koma rumfa da faɗa. Kayan na iya zama masu kyau, rediyonsa ne ba shi da ƙarfin motsa su.

Tambayar da ya kamata a fara da ita kafin a taɓa aljihu ita ce: me muke saurare? Masu kayan sauti sun fi tallata bes, dukan nan da ake ji a ƙirji, don kiɗan manyan kasuwanninsu shi yake so. Abin da direban Damargu ke ji kuwa, mafi yawansa magana ce. Wa'azi magana ne, labarai magana ne. Waƙar Shata da ta Ɗanƙwairo da ta Ɗan Alalo magana ce aka ɗora a kan kiɗa, wanda bai ji baitin ba bai ji komai ba. Kalangu kansa magana yake yi, kuntigin Ɗan Maraya kuma siririyar murya gare shi, ba ruwansa da bes. Kunnen ɗan Adam yana ji daga girgiza 20 a daƙiƙa har 20,000, amma fahimtar magana a tsakiya take. Layin tarho na dā daga 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka, kuma mutane suna gane juna sarai. Baƙaƙen da ke raba kalma da kalma, irin su s da sh da ts, suna can sama, daga wajen 2,000 zuwa gaba, kuma mai sauraren karatun Husari ko Minshawi yana so ya ji sin daban da sad. Rurin inji da gurnanin taya kuwa a ƙasa suke, daidai inda bes yake. Wanda ya ƙara bes a motar da ke gudu a kan gargada ya zuba ƙara a kan ƙara, muryar malam ta ƙara nutsewa. Ina ganin wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin direbobinmu, kuma abin na damuna, don kuɗin nan da gumi aka same su.

Saboda haka kuɗin ya fara tafiya gaba, ga sifiku biyun da ke kusa da kunnen direba. A fara da awo. Da yawa daga tsofaffin Hiace da Land Cruiser ramin santimita 10 gare su a dashbod. Ƙofofin yawancin ƙananan motoci 13 ne ko 16, sai mai siffar ƙwai, 6x9, da ake sawa a bayan kujerar baya. A auna faɗi, a auna zurfi kuma da gilashi a sauke har ƙasa, don maye mai tsawo yana tare hanyar gilashi, kuma ba a gane haka sai an gama ɗauri an mayar da marfi.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai haɗe, wadda aka dasa 'yar ƙaramar sifika mai siririyar murya, tuwita, a tsakiyar babbar. Akwai mai rabe: babba a ƙofa, tuwita daban a saman dashbod ko a kusurwar madubi, da ɗan akwatin da ke raba musu murya. Mai haɗe ta fi arha da sauƙin ɗauri, amma a wurinmu aibinta biyu ne. Siririyar murya miƙe take tafiya, ba ta shan kwana, don haka in tana ƙasan ƙofa, ƙafar direba da ƙunshin da ke gaban fasinja su ke shanye ta. Na biyu, sandar da ke riƙe da tuwita ta huda tsakiyar takarda, kuma a da yawansu akwai 'yar tazara kewaye da sandar, hanya ce buɗe ga ƙura har cikin ramin koyil. Mai rabe tsakiyarta a toshe yake da hula. Ga motar da ke shiga daji tsakanin Tanut da Belbeji, wannan bambancin kaɗai ya isa dalilin ƙara kuɗi. In sifikar a dashbod take, tana kallon mutum, mai haɗe ma ta wadatar, sai dai a riƙa rufe gaban mota daga rana.

Batun abin da aka yi ta da shi gajere ne. Takarda tana da daɗin murya, ban musa ba, amma ƙasarmu ba ta raga mata. A nemi mai mazurarin roba mai tauri, wadda ake rubuta wa PP, da zoben baƙar roba a gefe maimakon soso. Ana ganewa da farce: soso yana da 'yan huji yana kuma lotsawa, roba santsi gare ta tana dawowa.

Kayan suna zuwa mana ta Kano, daga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, su biyo ta Daura da Matamai ko ta Magarya su sauka kasuwar Dole, wasu kuma daga Dubai da Sin. Sunayen da aka sani, Pioneer da Kenwood da JVC da Sony da JBL, su ne masu jabu suka fi bugawa a kwali, don su ake tambaya. Nauyi a hannu ba shaida ba ne. Akwai jabun da aka lulluɓe ɗan mitsitsin maye da ƙatuwar hular roba, akwai kuma ta ƙwarai mai ƙaramin maye na neodimiyam da ya fi babba ƙarfi. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce kunne. Ka je da katin memorinka, ka ce a jona maka kafin ka biya, kuma kada ka yarda a gwada maka da kiɗan da mai shago ya zaɓa. Sa muryar mutumin da ka san muryarsa, malamin da ka saba ji ko mai karanta labarai. In ya fito kamar yana magana ta hanci, ko kowane s yana tsire maka kunne, ajiye musu kayansu. Sifikar asali da aka ciro daga motar da ta yi hatsari, in zobenta roba ne kuma ba ta karce, ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba.

Sayen rabin aiki ne, ɗauri shi ne sauran, kuma nan aka fi yin sakaci. Takarda in ta tura iska gaba, a daidai lokacin tana jan iska ta baya. Idan akwai tazara tsakanin kwandon sifika da ƙarfen ƙofa, iskar gaba sai ta zagaya ta cike ta baya, su kashe juna, murya ta fito ba jiki. Ɗiban ruwa ne da guga mai ɓula. Sau nawa ake ganin sabuwar sifika mai santimita 13 a ramin 16, an kafe ta da sukuru biyu, gefe da gefe a wangale, wani lokaci ma da waya aka ɗaure ta. Gyaran ba tsada: kafinta ya yanko zoben katako daidai ramin, a shafe shi da fenti ko baƙin mai don kada damina ta kumbura shi, a sa ɗan soso ko yankin tsohon tub tsakaninsa da ƙarfe, a ɗaure da sukuru huɗu. A mayar da ledar ƙofa a manne ta. Duk sandar makulli ko wayar da ke kaɗawa a ciki a naɗe ta, don rabin kakarin da ake ɗora wa sifika ƙofa ce ke yin sa. Wayoyi kuma a haɗa su da dalma. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ya kai bazara biyu, zafi na narkar da gam, gargada ta warware sauran.

Akwai wani gwaji da ƙwararrun masu gyara ke yi da batirin tocila mai bolt 1.5, wanda ya kamata mai mota ya tsaya ya gani. A taɓa wayoyin sifika biyu a kan batirin na ɗan lokaci. Za ka ji ƙwas, ka ga takarda ta yi tsalle, ko waje ko ciki. In ta fito waje, wayar da ke kan hancin batirin ita ce mai alamar tarawa. Dole sifikar dama da ta hagu su fito tare su koma tare. In an juya wayar ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kaurin murya ya ɓace, mai magana ya rasa inda yake a cikin motar. Kana iya ganewa ko ba a kwance komai ba: karkatar da murya duka zuwa gefe ɗaya. In ta fi kauri a haka fiye da lokacin da biyun ke aiki, an juya waya. Tuwita kam ba a yi mata wannan gwajin, wayarta ba ta jurewa.

Masu Hiace suna da tasu matsalar. Na gaba ya kurmance, na baya bai ji ba, sai direba ya ƙure murya, wata tsohuwa a kujerar farko ta ce, "Ɗana, don Allah a rage mana." Maganin shi ne ƙananan sifiku a rarrabe a jikin motar, kowa ya samu tasa a hankali. Amma a kula da yadda ake jona su. Rediyo mafita huɗu gare shi, kowace an yi ta don om 4. In aka rataya sifiku biyu a kan waya ɗaya, jan waya da ja, baƙa da baƙa, nauyin ya koma om 2, rediyo ya ja wuta ninki, ya yi zafi, ya riƙa ɗaukewa, wata rana ya ƙone. In dole sai an ƙara, a jera su ɗaya bayan ɗaya, wutar ta fita daga wannan ta shiga waccan, su zama om 8. Murya za ta ɗan ragu, rediyo ya zauna lafiya.

Sifika kuma ba ta gyara abin da ya zo mata a lalace, sai ma ta ƙara tona shi. A Sahel waƙa ta daɗe tana yawo daga waya zuwa waya, har wani kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar da su a 2011. Tura waƙa ta Bluetooth ko Xender ba ya rage mata komai. Abin da ke kashe ta shi ne matsewa: an ciro ta daga bidiyo, an ƙanƙance ta don kati ya ɗauki dubu, ko an ɗora waya a gaban wata sifikar an naɗa. Ka ce wa mai turin waƙa ya ba ka waɗanda ba su gaza 128 kbps ba, ko da kati zai ɗauki kaɗan. Tsofaffin waƙoƙin da aka kwaso daga kaset da shuuu ɗinsu suke zuwa, sai dai a ɗan rage siririyar murya a rediyo. Na'urar nan da ake sokawa a ramin kunna taba, mai aika waƙa ta FM, ita ma tana rage tsabta, rediyo mai ramin kati ko filas ya fi ta. A duba asalin rediyon kuma. Tsofaffin na kasuwar Japan daga 76 zuwa 90 suke kamawa, alhali tashoshinmu tsakanin 87.5 da 108 suke. Na Amurka kuwa tsalle suke yi daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, duk tashar da ta faɗa tsakani ba za ta fito tas ba. Wanda ke da irin wannan, rediyo ya kamata ya fara sauyawa.

Ban ce amfilifaya ba ta da amfani ba. Ƙarama mai wat 40 ko 50 na gaskiya a kowace mafita tana sa murya ta tsaya da ƙafarta a kan hanya, kuma ta fi kare sifika, don abin da ya fi ƙona tuwita shi ne ƙaramin rediyon da aka ƙure har muryarsa ta fashe. Gane ƙarfinta na gaskiya ba wuya: dubi fiyus ɗinta. Mai amfiya 10 a kan bolt 14, duk wutar da za ta iya ja wat 140 ce, abin da za ta fitar bai ma kai haka ba, ko me aka rubuta a jikinta. Sharaɗin da ba a sassauta shi: wayar da ta taso daga batir ta zama mai kauri, ta jan ƙarfe zalla, da fiyus dab da batirin, kuma inda ta huda ƙarfen mota a sa mata zoben roba. Wayar da ba fiyus, ranar da gargada ta feɗe ta ta taɓa bodi, ja za ta yi ta kama da wuta, kuma motocinmu ba sa rabuwa da jarkar mai a baya. Ƙaton akwatin bes kuwa, ga motar haya, wurin buhu biyu ya cinye, ga shan batir. Wanda batirinsa ya mutu tsakanin Tanut da Aderbisinat ya san nisan da ke tsakaninsa da mai tura masa mota.

Direbobin tanka da ke jiran lodi a bakin matata, su nasu tsarin bolt 24 ne, batir biyu a jere. Al'adar jawo wayar rediyo daga batir ɗaya tana kashe shi da wuri, ɗayan kuma ya riƙa shan cajin da ya fi ƙarfinsa, a ƙarshe a sayi biyu. Akwai 'yar na'urar da ke sauke 24 zuwa 12, kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. Kuma a motar da ke ɗauke da dubban litocin fetur, wayar da aka murɗa da hannu ba ta da wurin zama ko kaɗan.

Saura kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya jure desibel 80 na sa'a 40 a mako, amma in ƙara ta kai 90, sa'a 4 ce kawai a makon gaba ɗaya. Cikin motar dizal mai gudu da gilashi a buɗe, hayaniyar kaɗai kan kai 80 ko ta wuce, kafin a kunna komai, kuma direba sai ya ɗaga rediyo sama da ita kafin ya ji. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa, kuma siririyar murya ce ke fara tafiya, mutum ya riƙa jin ana magana amma bai gane me aka ce ba. Direba da kunne yake tuƙi kamar yadda yake yi da ido. Da shi yake jin hon na mai wucewa, da sauyin kukan inji, da tayar da ta fara saki, da ihun yaron mota, a hanyar da raƙuma da shanu da amalanke ke tsallakawa ba sallama. Babbar ribar sifika mai tsabta a nan take: ana gane magana ba sai an ƙure murya ba.

Don haka, ɗan'uwa mai mota, in kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi sifiku biyu na ƙwarai masu zoben roba, masu desibel 90 ko sama, ka sa su a gaba. Ka biya mai gyara hakkinsa cikakke don ya zauna ya yi zoben katako da dalma, kuma ka tsaya a kansa har ya gwada wayoyin da batirin tocila kafin ya mayar da marfin ƙofa.